Na ajiye aiki, daji nake so in koma, me zan fara saya?

Tsohon Akanta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau sati uku kenan da na miƙa makullan ofis, shekara 34 ina kan kujera ina lissafin kuɗin da ba nawa ba, Allah ya kawo mu ƙarshe lafiya. To ni dai tun ina saurayi nake taɓa farauta amma aiki bai bari ba, a shekara in na fita sau uku na gode Allah, yanzu kuwa lokaci ya yi min yawa har jiya na tsinci kaina ina kwance rediyon da ba abin da ya same ta. Ina da tsohuwar bindiga mai baki biyu geji 12 (lambar faɗin bakinta kenan) da lasisinta amma raina na kan sabuwar raifil, da karnuka ko biyu ne. Shekarata 60. Waɗanda suka riga ni shiga layin nan ku taimaka, me zan fara saya?

Mai Zaure: Wa alaikumus salam. Barka da arziki Yallaɓai, Allah ya sa hutu ne na alheri. Manyan zaure bisimilla.

Dogo Mai Baki Biyu: Takalmi.

Tsohon Akanta: Takalmi kuma Malam Dogo? hhh

Dogo Mai Baki Biyu: Wallahi da gaske nake. Ni ma da na ajiye aiki shekara shida da suka wuce bindiga na fara rugawa na saya, fitar farko da sabon but ɗin da na ciro daga kwali da asuba, kafin rana ta take duka dugadugaina sun saɓule, a hannu na riƙo takalmin na dawo ina ɗingishi, sati biyu bindigar tana jingine ina kallonta tana kallona. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi mai rufe idon sawu, da yamma za ka gwada shi lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da irin safar da za ka riƙa sawa, sannan ka yi wata guda kana yawo da shi kullum, ka fara da kilomita 2 ka kai 6 ko 7 da jaka a baya. Ƙafar da ta yi shekara 34 a ƙarƙashin tebur ba ta san daji ba, kai ne ka san shi.

Uwar Biyu: Baba sannu da hutawa. Ni nas ce, kuma mahaifina maharbi ne har ƙarfinsa ya ƙare, don haka ku yi haƙuri zan yi tsayi. Kafin takalmin ma ka je a auna maka jini da suga a saurari zuciya, don abin da ke kada dattawa a daji ba dabba ba ce, jan abin da suka harba ne zuwa mota ko hawan tudu da kaya cikin zafi bayan shekaru ba motsa jiki. Na biyu kunne. Ƙarar bindigar farauta tana kai desibel 150 zuwa 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali daga 140 harbi ɗaya tak yana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma mai harbi da dama kunnen hagunsa ne ke fara tafiya saboda shi ne ke fuskantar bakin bindiga, na daman kai ya kare shi. Mahaifina sai da ya kai in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta damansa. Akwai abin rufe kunne mai batir da ke barin ka ji motsin ganye da maganar mutum amma ya datse ƙarar harbi, shi zan ce ka saya, in bai samu ba ko na soso ɗin nan da ake murzawa a cusa ya fi babu.

Ɗan Autan Zaure: Anti ai in ka toshe kunne ba ka jin tashin fakara

Uwar Biyu: Auta in ba ka toshe ba nan da shekara ashirin ko kiran matarka ba za ka ji ba

Dogo Mai Baki Biyu: Wasu ai abin da suke nema kenan hhhh

Kawu Mai Saiti: Bari in dawo da mu kan bindiga tunda ita ya tambaya. Yallaɓai me kake so ka harba? Nan ne maganar take. In tsuntsaye ne da zomo, zabi, fakara, hasbiya, to mai baki biyunka ta gama komai, ka kai ta wajen mai gyara ya duba cikin bututun da makullinta kawai. In dukanta ya fara damun kafaɗa ka sa mata roba a gindi ka koma harsashi mara nauyi, ko ka sauka geji 20, bakinta wajen milimita 15.6 ne, ta 12 kuwa 18.5, ta fi sauƙin ɗauka yini guda, sai dai ka sani bindiga in ta cika rashin nauyi ita ma tana duka. Ƙwayar cikin harsashi lamba 6 ta ishe ka zabo da zomo, 7 da rabi na kurciya, lamba na hawa ƙwaya na ƙanƙancewa. Kuma kada ka wuce mita 35 zuwa 40, bayan nan raunata tsuntsu kawai kake yi ya je ya mutu inda ba ka gani.

Raifil kuwa wata duniya ce. Kowa mai harsashi .30-06 yake kira saboda tsohon suna, tun 1906 take, sai .308 Winchester ta 1952, dukkansu nagari ne amma ga ɗan shekara 60 da barewa ko gada ce iyakarsa ni .243 zan ce, ta 1955, dukanta kaɗan ne kuma mutum ya fi iya saiti da abin da ba ya tsoro. Amma fa harsashin irin waɗannan yana tafiya fiye da kilomita 3 in bai samu abin da ya tare shi ba, ko 'yar .22 da ake rainawa tana wuce kilomita ɗaya da rabi. In ba ka ga tudu ko ƙasa a bayan dabba ba kada yatsanka ya je kusa da kunama. Sannan a ƙasashe da yawa lasisin raifil ya fi na mai watsa ƙwaya wuyar samu nesa ba kusa ba, ka fara tambayar hukuma kafin ka sa rai.

Tsohon Akanta: Kawu gaskiya tsuntsaye ne yawanci. Raifil ɗin dai sha'awa ce, shekaru ina kallonta a hoto ina cewa in na yi ritaya

Kawu Mai Saiti: To sha'awa ba laifi ba ce amma kada kuɗin sallama ya tafi a kanta a watan farko. Ka yi shekara ɗaya da wadda kake da ita, in har lokacin ranka bai sauka ba ka saya. Abin da zan ce ka kashe wa kuɗi yanzu madubin hangen nesa ne, 8x42, wato yana ƙara girma sau 8, faɗin gilashinsa milimita 42. Kada mai shago ya ruɗe ka da 7x50 wai ya fi haske da magariba, gaskiya ne ga yaro, amma ka raba 50 da 7 ka ga hasken da ke fitowa faɗinsa milimita 7 ne, ƙwayar idon mai shekarunmu kuwa da ƙyar take buɗewa ta wuce 5, ragowar nauyi ne kawai ka rataya a wuya. 42 raba 8 biyar da ɗan kai, daidai da mu.

Mai Karnuka: Duk kun yi shiru kan karnuka. Yallaɓai ka ɗauki kare, shi ne zai fitar da kai daga gida ran da ƙyuya ta kama ka, kuma abin da ka harba ya faɗa cikin sarƙaƙiya shi zai nemo. Amma ɗaya, ba biyu ba. 'Yan kwikwiyo biyu tare junansu suke saurare ba kai ba.

Dogo Mai Baki Biyu: Ni ban yarda ba. Kare shekara 10 zuwa 13 yake yi, mutum yana 60 ya ɗauko kwikwiyo sai ya kai saba'in da wani abu yana bin sa a guje? kuma shekarar farko da ta biyu duk horo ne ba farauta ba

Mai Karnuka: To horon ba shi ne aikin ba Malam Dogo? mutum ya ce lokaci ya yi masa yawa har rediyo yake kwancewa. Minti goma sha biyar safe da yamma, zo, zauna, tsaya, kawo. Abu ɗaya dai kada ka yi kuskuren da na yi da karyata ta farko, wata biyar gare ta na harba bindiga a kanta don ta saba, daga ranar ko murfin tukunya ya faɗi sai ƙarƙashin mota, har ta mutu ba ta sake bin bindiga ba. Daga nesa ake farawa, wani ya harba can mita ɗari kana ba ta abinci ko kuna wasa, a riƙa matsowa a hankali cikin makonni. Allurar haukan kare dole, maganin kaska dole, kuma ka ɗaukar mata ruwanta daban don kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, in ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi tana tangaɗi ka tsaya a inuwa ka jiƙa mata ciki da ƙafafu.

Tsohon Jami'in Daji: Ranka ya daɗe barka da shigowa sahunmu. Ni ta ɓangaren doka zan yi magana tunda a nan na ci abinci. Lasisin bindiga daban, izinin farauta daban, mutane da yawa suna haɗa su. Kowace ƙasa da jerin dabbobin da ta hana da watannin da take rufe farauta don haihuwa, ka je ofishin da ke kula da namun daji ka karɓi jerin a takarda ka sa a jaka. Gandun da aka keɓe ba a shiga, gonar mutum sai da izininsa, haska fitila da dare da cinna wa daji wuta haramun ne a dokar wurare da yawa. Ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki kamar sulke, kada ka ko taɓa shi, tun taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, na 2016 a Johannasbag aka sa duka ire-irensa takwas a sahun da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe. Mace mai ciki ko mai jan ɗa ka bar ta ko doka ba ta ce ba. Mu da muka daɗe mun ga yadda wuraren da ake tayar da garke suka koma sai sawun shanu, kuma mai ritaya da ke fita sau huɗu a sati ya fi mai fita sau uku a shekara ɓarna in bai sa wa kansa iyaka ba. Ni biyu nake harba in naɗe.

Sai dalma. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayar dalma tun 1991 saboda agwagi na haɗiye ta a cikin laka suna mutuwa, jihar Kalifoniya kuma ta hana ta a duk farauta daga 2019. Ungulu da mikiya ma suna cin ta a kayan cikin da muke zubarwa. In za ka koma ƙwayar ƙarfe ka tambayi mai gyara tukuna, tsofaffin masu baki biyu da yawa bututunsu ba ya ɗaukarta.

Uwar Biyu: Ƙari kan na Baba Jami'i, naman da ke kewaye da inda harsashi ya shiga a yanke a zubar da faɗi, dalma tana farfashewa ƙanana ido ba ya gani, kuma jikoki da masu ciki ta fi yi wa illa. Safar hannu wajen fiɗa. Abin da ka tarar ya mutu da kansa kada ka taɓa, jemage da biri da ɓera a bar su kwata-kwata, ta nan cututtuka irin su Ebola da Lassa ke samun hanya. A cire kayan ciki da wuri nama ya sha iska, kada a ƙulle shi a leda yana da ɗumi. Maciji kuma don Allah ba tsaga ba tsotsa ba ɗaure da igiya tamau, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Ka san wanda ke da allurar dafin tun kafin ka fita.

Ɗan Autan Zaure: Ni nawa guda ne Baba, ka sauke taswirar wurin a waya don ta yi aiki ko ba sabis, ka danna alama inda ka ajiye mota, da fawa banki. In da hali akwai 'yar na'urar Garmin inReach tana tura saƙo ta tauraron ɗan'adam. Kuma ka faɗa wa Hajiya inda za ka da ƙarfe nawa za ka dawo. Sauran kuma sai a tashi a taka, zomo ba ya kamuwa daga zaune

Kawu Mai Saiti: Auta wannan karin maganar ta masu gwiwa ce. Ni yanzu rabin abin da nake samu daga zaune nake samunsa. Kwana biyu ko uku nake zuwa ba bindiga, in duba sawu da kashi da inda suka yi birgima a ƙura, in ga ta ina suke saukowa ruwa. Ran da zan zauna tun da duhu na isa da 'yar kujerar naɗewa, in ɗebi ƙura in saki in ga inda iska ta nufa, in zauna tana busa min a fuska, bayana jikin kututture. Makon jiya sai da gada ta zo kamar taku goma sha biyar tana karkaɗa jela tana tsinkar ganye, ina jin ƙarar taunarta, ban ma ɗaga bindiga ba, shayina na ci gaba da sha. Lokacin ina aiki da tuni na harba don gobe Litinin.

Dogo Mai Baki Biyu: In za ka yi dako irin na Kawu ka sa hula ko falmaran mai launin ruwan goro mai haske saboda sauran maharba, barewa da danginta ba sa bambance shi sosai, tsuntsu ne dai ke gani

Tsohon Akanta: Jama'a na dawo, kwana tara kenan. Na je asibiti, jini ya ɗan hau sun ba ni magani, kunnen hagu kuwa Uwar Biyu kamar kina wurin, likita ya ce ya riga ya fara. Na sayi abin kunnen da takalmin, jiya na yi kilomita 4. Raifil na jingine maganarta, Hajiya ta fi kowa murna. Kare ne har yanzu ban yanke ba. Malam Dogo takalmin na ɗan cizo na a ɗan yatsan dama, in mayar ko zai saki?

Dogo Mai Baki Biyu: Fata ce ko roba? in fata ce faɗi yana saki, tsawo ba ya saki. In yatsan na taɓa gaba lokacin gangara mayar da shi gobe ka ƙara rabin lamba

Mai Karnuka: Karyata za ta haihu wata mai zuwa Yallaɓai. Ban ce komai ba fa.