Neman Hausar Aikin Tayar Da Tsoho Bayan Karayar Ƙugu

Jama'a, assalamu alaikum. Na kawo muku wata kalma da ta gagare ni, wato wadda likitoci suke kira rihabiliteshan da Ingilishi, kuma ina roƙon mu daddale a kan Hausarta, domin rashinta ba ƙaramar illa yake yi wa tsofaffinmu ba. Maganar ta taso ne lokacin da gwaggona ta zame a wurin alwala ta karye a ƙugu, aka yi mata aiki, ranar sallama kuma aka ce in fassara wa 'yan gida abin da ke cikin takarda. Da na iso kan wannan kalma sai na ce "jinya". Nan take kowa ya gyaɗa kai, aka shiga shawarar ɗakin da za a shimfiɗa mata katifa da wadda za ta riƙa ba ta abinci a baki. Sun ɗauki kishiyar abin da likita yake nufi, kuma fassarata ce ta jawo.

Abin da muke kira karayar ƙugu karaya ce a saman ƙashin cinya, dab da inda kansa yake shiga gurbinsa, kuma ta fi samun tsofaffi, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada, saboda ƙashi ya riga ya yi rauni har faɗuwa daga tsaye ta isa ta karya shi. Idan a wuyan ƙashin ta auku, takan datse hanyar jinin da ke ciyar da kansa, shi ya sa sau da yawa ake cire kan a sa na ƙarfe. Amma ba karayar ce kaɗai take kashe tsoho ba, doguwar kwanciya ita ce babbar masifa: gyambo ya buɗe a baya da ɗuwawu, majina ta taru a huhu, jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, tsoka ta zube, hankali ya rikice. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta fitar a 2011 ta nuna cewa kusan mutum 1 cikin 10 yakan rasu cikin wata guda bayan wannan karaya, kusan 1 cikin 3 kuma cikin shekara, don haka ta ce a yi aikin a ranar da aka kwantar da mutum ko washegari, sannan a fara tayar da shi washegarin aikin. Ke nan kalmar da muke nema sunan wani aiki ne da ya ƙunshi zaunar da majinyaci a bakin gado, da tsayar da shi, da koya masa takawa da sanda ko ƙarfen dafawa, da rage masa zafi don ya iya motsi, da ciyar da shi abinci mai gina jiki, da gyara banɗaki da dokin ƙofa don kada ya sake faɗuwa.

"Jinya" ba ta ɗauki wannan nauyi ba, domin a kunnen Bahaushe mai jinya yana kwance ne ana yi masa komai, kuma 'ya'ya suna ganin barin uwa ta taka da ƙafarta alhali tana nishi rashin tausayi ne. Wannan tausayi na gaskiya ne, ban raina shi ba, sai dai a nan yana iya cutarwa.

Kalmar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce "gashi". Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya ji ana cewa an tura wane wajen gashi, kuma kalma ce da ta zauna, ba na neman a kore ta. Matsalarta ita ce tana kai hankali ga ɗumama gaɓa da murza ta, abin da mutum yake karɓa yana kwance, alhali a nan babban aikin majinyacin ne da kansa yake yin sa. Ban da haka, gashi reshe ɗaya ne kawai, bai haɗa da abinci da maganin ƙarfafa ƙashi da gyaran gida ba. "Gyaran hali" kuwa, wadda ake fassara wannan kalma da ita a maganar masu shaye-shaye da fursunoni, cin fuska ce a jingina ta ga dattijuwa. "Farfaɗowa" ta fi dacewa da wanda ya suma, "murmurewa" kuma abu ne da yake samun jiki da kansa, ba a ce wani ya je asibiti a murmurar da shi.

Shawarata ita ce mu ɗauko kalmar daga addu'ar da muke yi kullum idan mun je dubiya, wato "Allah Ya tashi kafaɗa". Wannan addu'a ba ta tsaya ga roƙon ciwo ya tafi ba, tana roƙon mutum ya rabu da shimfiɗa ya koma cikin jama'a, kuma wannan shi ne ainihin manufar aikin: tsohuwa ta kai kanta banɗaki, ta yi alwala ba tare da an riƙe ta ba, tsoho ya sake isa masallacin unguwa. Saboda haka nake ganin a kira shi "jinyar tashin kafaɗa", a taƙaice kuma "tashin kafaɗa". Na bar "jinya" a gaba da gangan, domin 'yan uwa su san ba a sallame su daga hidima ba, salon hidimar ne ya sauya. Wani malamin asibiti da na gwada masa ya ce yana tsoron a zaci maganar ciwon kafaɗa ake yi. Na yarda ƙorafin yana da tushe a rubuce, amma ban ga Bahaushen da zai ji wannan addu'a ya duba kafaɗarsa ba, kuma idan aka ce "tashin kafaɗa bayan karayar ƙugu" ruɗani ya kau.

Ga yadda take zama a jimla: "An yi wa Baba aiki jiya, yau za a fara masa tashin kafaɗa." Ko kuma: "Tashin kafaɗar Inna zai ɗauki watanni, kada a gaji." Ina son 'yan uwa na Maradi da Damagaram, inda asibiti yake aiki da Faransanci ana cewa a je wajen kine, wato gashi, su faɗa mana ko wannan ta yi musu daidai a baki. Haka nan masu aikin fisiyo, wato masu yin gashi a asibiti, su gaya mana sunan da ya kamata a kira su da shi idan aka karɓi kalmar, domin "mai tashin kafaɗa" bai kwanta mini ba tukuna.