Bangon mujallarmu ta waƙa bai tsaida kowa ba, ina kuskuren yake?

'Yar_Talladje:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu shida ne 'yan lise guda nan Yamai, munka haɗa kuɗi munka fiddo 'yar mujalla ta waƙa don matasa, shafi 16, rabi Hausa rabi Faransanci, akwai hira da wani yaro mai rap na unguwarmu da labarin wasan da anka yi a CCOG, gidan al'adu na Oumarou Ganda, lokacin hutu. Mun buga 200 muna saidawa dala ɗari ɗari, yau sati ukku 41 kaɗai sunka fita kuma rabi danginmu ne sunka saye. Abin da ya fi ci mini rai, duk wanda ya buɗe ya karanta sai ya ce wallahi kun yi ƙoƙari, amma ba a buɗewa, mutum ya kalli bangon ya wuce abinshi. Mun jera hotunan mawaƙa tara ƙanana ƙanana don kar wani ya ce an bar shi, sunan mujallar yana can ƙasa, launin baya shuɗi mai duhu. Don Allah waɗanda sunka san aikin ku taimaka muna kafin fitowa ta biyu.

Tsohon_mai_buga_takarda:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi albarka. Na fi shekara ashirin ina aikin maɗaba'a kuma tun daga bayaninki na ga inda ciwon yake. Sunan mujalla sama ake sa shi, saboda mai kiyos ko yaron da ke yawo da jaridu bakin titi jera su yake wata bisa wata, kan takarda kawai ke leƙowa, in sunanku na ƙasa to kun ɓoye kanku da hannunku. Sai batun fuska tara. Mai wucewa kan babur ko cikin taksi ba ya da lokacin tantance mutum tara, fuska guda yake gani, babba, daga ƙirji zuwa sama, idon na kallon mai kallo kai tsaye kamar zai gaishe shi. Ko kan mawaƙin ya ɗan rufe harafi guda na sunan ba laifi, manyan mujallu da gangan suke yin haka don hoton ya zama kamar ya fito waje.

Shuɗi mai duhun nan kuma na san yadda ya fito muku, ya yi dishi-dishi kamar an wanke shi. Allon kwamfuta da haske yake nuna launi, injin buga takarda kuwa tawada huɗu yake haɗawa, shuɗi da ja-ja da ɗorawa da baƙi, abin da muke ce ma CMJN, don haka abin da ke walƙiya a allo ba lalle ya yi walƙiya a takarda ba. Ku ce a buga muku gwaji guda kafin a saki injin. Hoto kuma kar ku karɓe shi ta WhatsApp yadda aka saba turawa, matse shi yake, a ba ku na asali mai 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto wajen bugawa, ku bar milimita 3 ta kowane gefe saboda yanka. In an buga gwajin ki manna shi a bango ki ja baya taki goma, abin da ba ki iya karantawa daga nan ba shi da aiki a bangon mujalla.

Maman_biyu_Yantala:
Ƙanwata kin tuna mini da zamanin da muke CEG muna jiran mujallar matasa Planète Jeunes, mutum guda ya saye aji duka ya karanta har takardar ta yi laushi. Gaskiya ni abin da ke sa in fidda kuɗin karin kumallona ba labarin ba ne, abin da zan samu in riƙe ne, hoton tsakiya da zan cire in manna a ɗaki ko kalmomin waƙa da zan kwafe a bayan kaye. To ku me kunka yi ma mai saye alkawari a bangon? In akwai fosta ciki ku rubuta da manyan baƙaƙe cikin da'ira ja ko ɗorawa, a kusurwa, ido na zuwa wurin da kanshi. Kuma magana ta zama irin ta fada wurin shan shayi, ba irin ta rahoton makaranta ba, maimakon ku ce hira da wane, ku ɗauko magana guda mai zafi da ya faɗi da bakinshi ku sa. Amma don Allah abin da kunka ce yana ciki ya kasance yana ciki, yaro in ka cuce shi dala ɗari sau guda ba ya dawowa kuma sai ya gaya ma abokanshi.

Malamin_lakwal_Tahoua:
Abin da Maman biyu ta hwaɗi tsohuwar dabara ce kuma har gobe tana ci. A Jamus mujallar Bravo tun 1959 ta fara raba hoton tauraro mai tsawon mutum gunduwa gunduwa, kowane sati yanki guda, sai ka saye duka kake haɗa shi, da 'yar fim ɗin Faransa Brigitte Bardot sunka fara. A Ingila Smash Hits da ta fito 1978 ta rayu har 2006, kalmomin waƙoƙi da fosta ne jarinta. Batun mawaƙanku tara kuwa, Salut les copains ta Faransa da ta fara fita 1962 da mawaƙi Johnny Hallyday a bango, ta taɓa tara mawaƙa 46 a hoto guda a 1966, Jean-Marie Périer ya ɗauka, kuma babban hoton tsakiya anka yi da shi. Ku ma ku yi hakanan, taran su tahi tsakiya su zama fosta, bango a ba mutum guda, fitowa ta gaba a ba wani.

Sai dai ina da magana guda da ba a taɓo ba, kuma ita ta fi damuna. Waɗancan mujallu an yi su ne don yaron da ke da ɗakinshi da kuɗin aljihunshi. Ɗiyanmu nan mujalla gida take shiga, ta biya ta zaure, uba shi gani, uwa ta gani, wani lokaci ma su ne za su bada dala ɗarin. Na sha ganin yarinya ta naɗe mujalla cikin kaye saboda shigar da ke bangon, na kuma ga wadda anka yage gabanta tana kuka. In kunka kwaikwayi bangon Turai ido rufe za ku samu kallo a titi ku rasa shiga gidaje, musamman wajen 'yan mata, su kuwa su ne masu saye da ajiyewa. Mawaƙi shi sha ado iya ado, rawani ko hula ko shadda mai kyau ko ma kayan rap ɗinshi, amma hoton da yarinya za ta iya ajiyewa bisa tabarma gaban babanta.

'Yar_Talladje:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Anti, na gode Malam, wallahi kamar an cire mini ƙaya. Jiya munka zauna munka yarda yaron unguwarmu mai rap shi za a sa, ɗorawa a baya, suna a sama da ja. Saura rigima guda, biyu daga cikinmu na cewa a sa shi da baƙin tabarau don shi ne alamarshi, kowa da shi ya san shi.

Tsohon_mai_buga_takarda:
A'a ɗiyata, tabarau ya ɗaga shi bisa goshi ko ya riƙe a hannu, alamar tana nan kuma ido na waje. Ku ɗauki hoton da hantsi ko bayan la'asar cikin inuwa, rana tsaka tana zuba duhu ƙarƙashin ido. In kun gama ki rage bangon ya koma kamar ɗan hoton da ke fitowa a status na WhatsApp ki tura ma mutum biyar da ba su san da aikin ba, ki tambaye su wa sunka gani kuma me sunka karanta, don yawancin masu sayenku a salula za su fara ganinshi kafin su gan shi a hannun mai talla.