Tafiya Guangzhou karon farko: a ina zan ci abinci?

Ɗan Wambai:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Guangzhou. Kawuna ne yake zuwa Chaina yana saro mana takalma da jakunkunan mata, ni kuma ina tsaron shago a Ƙofar Wambai. Bana ciwon ƙafa ya matsa masa, likita ya hana shi doguwar tafiya, sai ya ce ni zan je a madadinsa cikin watan Oktoba in Allah ya kai mu. Biza ta fito, jirgin da ke bi ta Addis Ababa zan hau. Maganar kaya ba ta dame ni ba sosai, don akwai wakilin da Kawu ya daɗe yana aiki da shi, shi zai zagaya da ni.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abinci. Ina da olsa, yunwa ba ta yi mini da daɗi, yaji ma haka. Da na tambayi Kawu sai ya ce shi shayi da burodi da ƙwai yake ci har ya dawo. Ni kam ba zan iya sati biyu a haka ba. A kasuwa kuma kowa da tasa: wani ya ce komai nasu da alade a ciki, wani ya ce ai kifi da ganye ba matsala. Hajiyarmu har ta sa an fara yi mini kilishi da dambun nama da garin kunu.

Don Allah a ina ake samun halal wanda hankali zai kwanta da shi? Mai olsa me zai ci? Ana barin mutum ya shiga da kilishi? Sannan ina ake sallar Juma'a?

Alhaji mai yadi:

Wa alaikumussalam ƙanena. Allah ya ba Kawu lafiya, ya sa a je a sa'a. Ka kwantar da hankalinka, ba za ka zauna da yunwa a Guangzhou ba. Musulmi suna garin nan tun ɗaruruwan shekaru, kuma kusan duk unguwar da za ka shiga akwai shagon abincinsu.

Abu na farko, ka sa wannan rubutu a wayarka: 清真. Shi ne alamar halal a wurinsu. A da za ka ga an rubuta da Larabci a gefe, amma a shekarun nan an cire Larabcin daga alluna da yawa, don haka waɗannan haruffa biyu za ka riƙe. Yawancin shagunan allonsu kore ne. In ka leƙa za ka ga maigidan da farar hula, matarsa da ɗankwali tana karɓar kuɗi, wani yaro a baya yana jan ƙullin fulawa da hannu. Taliyar Lanzhou ke nan. Masu shagunan galibi Musulmi ne 'yan ƙabilar Hui da suka gangaro daga arewa maso yamma, Qinghai da Gansu. A gabanka zai ja ƙullin ya ninka, ya sake ja ya ninka, har ya zama siraran zare, ya jefa a tafasasshen ruwa, ya tsamo ya zuba romon naman sa a kai da 'yan yankan nama da ganye. Romon tas yake, ba maiƙo. Suna zuba jan mai na barkono a sama, to kai ka ce musu "bu yao la" tun kafin a zuba, sai su bar maka shi fari. Yana da araha, yana da zafi, ga ƙosarwa. Hotunan abincin suna manne a bango, nuni kawai za ka yi da yatsa. In taliya ta ishe ka akwai shinkafa da ƙwai da tumatir, akwai shinkafa da dankali da naman sa. Cokali ma in ka nema za su ba ka, ba dole ne ka ci da tsinkayen nan nasu ba.

Amma ni inda nake so ka je shi ne wurin mutanen Xinjiang, wato Uyghur. Su ne masu nama. Tsiren rago suke gasawa a kan gawayi, tsoka da kitse a jere a tsinke, a barbaɗa gishiri da kammun. Suna da gurasa mai faɗi da suke mannawa a jikin tanda, da dafa-dukan shinkafa da karas da naman rago wadda suke kira polo. Wannan polo ɗin ita na fi ba ka shawara, don babu barkono a cikinta ko kaɗan, zaƙin karas da albasa ne da man rago. Ka je da rana, da yamma sau da yawa ta ƙare. Akwai kuma kaza da dankali a ƙaton faranti, ta mutum uku ko huɗu ce, sai dai tana da yaji, ka bar wa abokan tafiya.

Wanda ya ce maka kifi da ganye ba matsala, bai shiga kicin ɗinsu ba. Mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, gwanaye ne wurin turara kifi da citta da albasa, wannan gaskiya ne. Amma a shagon da ba na Musulmi ba, ana soya ganye da kitsen alade ko a yayyafa niƙaƙƙen namansa, ana haɗa romo da ƙashinsa, ana kuma zuba giyar shinkafa a girki kamar yadda muke zuba magi. Ko 'yan ƙunshin fulawar nan na jatanlande da ake ci da shayin safe, akan sa kitsen alade a ciki. In ka ce wa mai shago ba ka cin alade zai ɗaga kai da zuciya ɗaya, ya tsame maka naman da ido ke gani, shi a wurinsa ya gama. Ba mugunta ba ce, bai san iyakar abin ba ne. In masu kamfani suka gayyace ka cin abinci, kuma za su gayyace ka, ka gaya wa wakilinku tun da wuri a kai ku gidan abincin Musulmi. Ba sa jin haushi, sun saba.

Wurin kwana kuma, kasuwar jaka tana Sanyuanli, ta takalma tana kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, duka a layi na 2 na metiro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa a cikin gari. Daga tashar jirgin ƙasan in ka koma layi na 5, tasha ɗaya ce zuwa Xiaobei. A nan mutanenmu na Afirka ta Yamma suka fi taruwa, 'yan Mali da Gini da Senegal da Nijar, ga gidajen abincin Larabawa da Turkawa a bakin titi. Mutane sun ragu a kan yadda na san wurin a da, musamman bayan korona, amma har yanzu in kana son shinkafa da miya irin ta gida za a nuna maka mai yi. Roƙona dai kada ka je ƙasar mutane ka ƙare a ɗaki da burodi. Musulmin can 'yan'uwanka ne, ka yi musu sallama ka ga yadda fuskarsu za ta sake.

Maman Ilham:

Alhaji ya gama magana a kan shaguna. Ni kan kilishi zan tsaya, don kayan kicin da labule nake sarowa kuma na ga abin da ke faruwa a filin jirgin Baiyun. Ɗana, ka ba Hajiya haƙuri. Dokarsu ta hana shiga da nama kowane iri, ɗanye ko dafaffe ko busasshe, haka madara da ƙwai da ɗanyun 'ya'yan itace. Akwai na'ura, akwai karnuka masu shinshina jaka. Za ka ji wani ya ce shi ya wuce da nasa, to sa'a ya yi. In an gani ƙwacewa za a yi, in kuma ka ɓoye ana iya cin ka tara, ga tsayuwa ga tambayoyi bayan ka kwana a jirgi. Ka ci kilishinka a Kano da Addis, abin da ya rage ka bar wa yara. Goro ma ɗanye ne, ban ba ka shawarar ɗauka ba.

Abin da ni nake ɗauka busasshen gari ne a leda mai kyau a rufe, in sun tambaya in nuna musu. Garin kunu yana taimakona ƙwarai, domin kusan kowane ɗakin otal akwai butar dafa ruwa ta lantarki. Matsalar mai olsa a can ba rana ba ce, safiya ce da tsakar dare. Suna gaba da mu da awa 7, kwanakin farko cikinka zai riƙa tashinka a lokacin da gari yake barci. Ka ajiye ayaba da dabino da biskit a ɗaki. Ruwan famfo ba a shan sa sai an tafasa, ka sayi na gora. Su kansu ruwan ɗumi suke sha ko ana zafi, kuma na ga yana yi wa ciki daɗi.

Da safe suna da kunun shinkafa fari, ba gishiri ba mai, yana kwantar da ciki sosai. Amma ka tabbata farin ne zalla, don akwai wanda ake dafawa da nama. A Oktoba za ka samu dankalin Hausa gasasshe da dafaffiyar masara a bakin hanya, da wani ƙaton lemo mai kaurin ɓawo da ake kira pomelo, lokacinsa ke nan. Shi dai yana da ɗan tsami, kada ka sha da yunwa.

Maganinka na olsa ka tafi da wanda zai ishe ka, a cikin kwalinsa, da takardar likita. Kuma kada ka bi 'yan kasuwa da suke wuni a tsaye ba ci sai dare. Ƙarfe goma sha biyu masu shago da kansu suke buɗe abincinsu, kai ma ka tsaya ka ci.

Malam na Zinder:

Salamu alaikum. Zan amsa ta Juma'a. Masallacin da ya fi cika shi ne Xianxian, kusa da tashar Yuexiu Park a layi na 2, ba nisa da inda za ka yi sari. Fili ne babba mai itatuwa da tsohuwar maƙabarta. Ranar Juma'a za ka ga Hui da Uyghur da Larabawa da 'yan Pakistan da baƙaƙen fata a sahu ɗaya. Ka je da wuri don samun wuri a ciki. Lokacin da nake zuwa, bayan an idar masu gurasa da gasasshen rago da 'ya'yan itace suna baje kaya a waje, a nan da yawa daga cikinmu suke cin abincin rana.

Ɗayan shi ne Huaisheng a titin Guangta, kusa da tashar Ximenkou a layi na 1. Yana cikin masallatai mafi tsufa a Chaina, hasumiyarsa mulmulalliya ce, tsawonta wajen mita 36. Ko ba Juma'a ba ka daure ka je ka yi nafila. A unguwar akwai mahautan Musulmi, akwai kuma tsohon gidan abinci na Musulmin garin a titin Zhongshan Liu, inda za ka ci irin ƙunshin fulawar da Alhaji ya hana ka, amma da naman sa da kaza.

Gyara ɗaya nake so ka tafi da shi. A Xianxian za a nuna maka kabari a ce na Sayyidina Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah ya ƙara masa yarda. Haka Musulmin can suka gada suna faɗa. Abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina wajen shekara ta 55 bayan Hijira, aka binne shi a Baƙi'a. Ka yi wa mamatan da ke wurin addu'a, kada ka tsaya jayayya da masu masauki.

Sannan alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata arewa, kada sabo ya sa ka fuskanci gabas. Hanafawa ne, ba za ka ji an ɗaga murya da amin ba. Tunda kuma zamanka zai wuce kwana huɗu, a Malikiyya cika salla za ka yi.

Ɗan Wambai:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wallahi hankalina ya kwanta. Na karanta wa Hajiyarmu maganar Maman Ilham, ta ce to a mayar da kilishin na Kawu. Alhaji, saura tambaya ɗaya. Ba a tsayar da ranar tafiya ba tukuna, farkon wata ya fi ko ƙarshe?

Alhaji mai yadi:

Kada ka sauka a satin farko. Daga 1 ga Oktoba suna hutun ƙasa na kusan mako guda, masana'antu da shaguna da yawa a rufe, jiragen ƙasa a cike. Daga 15 ga wata kuma babban baje kolin Canton yake farawa a unguwar Pazhou a cikin Guangzhou, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, kuma kuɗin otal yana tashi sosai har farkon Nuwamba. Kashi uku ake yin sa, takalma da jaka suna kashi na ƙarshe, daga ƙarshen Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba. In sarin kasuwa kawai za ka yi, ka shiga wajen 8 ko 9 ga wata, ka kama ɗaki na kwanakinka duka tun yanzu. In Kawu yana so ka ga masu masana'anta ido da ido, sai ka jinkirta zuwa kashi na uku ka yi haƙuri da tsada.

Ka buɗe WeChat, manhajar saƙo da suke amfani da ita, tun kana gida ka sa lambar wakilinku, don WhatsApp da Google ba sa aiki da layin can. Fasfonka kuma kullum ya kasance a jikinka, ana tambaya. Ka turo mini saƙo ta ciki in kwatanta maka shagon da nake cin polo a Xiaobei.