Ruwan fairo: wane suna za mu sa mai da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa masu hoto da malamanmu na Hausa. Akwai wani ruwan wankin fim na baƙi da fari da turawa ke kira staining developer, mu nan fairo kawai muke ce mai don ba mu da wani suna, kuma duk sanda yaro mai koyo ya tambaye ni mi ke nan sai na yi bayani na minti biyar. Ina so mu tsaida suna guda. Wasunku sun riga sun kawo sunaye, wasu kuma sun yi ƙorafi kan wanda ni na kawo, ga amsata gare su.

Ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa gani ba. Ruwan wanki na kullum azurfar da ke cikin fim wadda haske ya taɓa ce kawai yake maidawa baƙa, shi ke nan. Shi ko wanga ruwan aiki biyu yake yi, yana maida azurfar baƙa sannan ya bar launi a cikin jikin fim ɗin, kuma launin ba ko'ina yake zama daidai ba, inda azurfa ta yi kauri nan launin ke yin kauri, inda ba azurfa kusan babu shi. Sinadarin ko dai fairogalol ko katekol. Ba sabon abu ba ne, tun wajen 1851 ake wanke hoton gilashi da fairogalol a Ingila. Haɗin PMK da Gordon Hutchings ya yaɗa a 1991 launinshi rawaya ne mai ɗan kore, shi kuma Pyrocat-HD na Sandy King ya fi karkata ga ruwan ƙasa.

Amfaninshi na fitowa ne wurin masu bugun rana, wato waɗanda ke shafa ma takarda magani da hannu su ɗora nagatif, wato wankakken fim mai hoton a juye fari ya koma baƙi, a kai su danne da gilashi su shanya, irin hoton shuɗi da masanin kimiyya John Herschel ya gano a 1842 ko hoton da ake yi da ƙarfen filatinam. Irin wagga takarda hasken rana da ido bai gani take ji, kuma tana son nagatif mai ƙarfi ƙwarai in ba haka ba hoton ya fito dishi-dishi. To launin nan yana tare wannan hasken, sai nagatif da ka ɗaga ka ga kamar bai da nauyi ya bada hoto mai fari tas da baƙi wuluk. Kuma nagatif ɗin dai za ka iya bugawa a takardar hoto ta kullum, ba sai ka ɗauki biyu ba.

Yanzu sunayen da anka kawo.

Malam da kac ce ruwa mai tabo, na gode amma ban yarda ba. Tabo aibi ne, in na ce ma mai koyo fim ɗinka ya yi tabo zai ɗauka ya ɓata aiki, mu kuwa launin muke nema da gangan.

Ruwan rini ya fi kusa, mutane da yawa shi sunka zaɓa kuma yana da daɗin faɗi. Matsalata da shi ita ce rini daga waje ake zuba launi, kuma zane duka yake kamawa. A nan ba a zuba launi, ruwan ne da kanshi ke juyewa ya zama launi daidai wurin da yake aiki da azurfa. Sannan akwai masu sauya launin hoto bayan an gama bugawa, wasu ma da ruwan shayi suke yi ma hoton shuɗi, su sunka fi cancanta da kalmar rini, in munka kashe ta nan mi za mu kira nasu?

Ni abin da nake kawowa shi ne ruwan jima. Ku saurare ni kafin ku ce ya yi nisa. Fuskar fim gelatin ce, gelatin kuwa daga fata da ƙashin dabba ake samo shi. Fairogalol daga gasa wani asid ake samunshi wanda ke cikin tsirran da ake jima da su, dangin abin da ke cikin bagaruwa ke nan, bagaruwar da majemanmu na Sakkwato ke jeme fatar jar akuya da ita tun kaka da kakanni. Kuma aikin iri guda ne, ruwan yana taurara gelatin ɗin ya kuma ba shi launi lokaci guda, har in ka karkata nagatif ga haske za ka ga hoton ya ɗan yi tudu-tudu. Kenan ba kwatance nike yi ba, jima ce ake yi ma fim ɗin da gaske. Taurin ma alheri ne gare mu, don digiri 20 ake so ruwan wanki ya kasance, mu kuwa a watan Afrilu sai da ƙanƙara muke kusantar haka, fuskar fim in ta ji ɗumi laushi take yi ta kwarzane da wuri.

Baba da ya ce a rubuce za a rikita shi da jima ta sai an jima, gaskiyarka ranka ya daɗe, amma a cikin magana ba na jin za a ruɗe, ba wanda zai ji "na wanke shi da ruwan jima" ya ɗauka lokaci ake nufi. Shi launin sai mu ce launin jima, nagatif ɗin kuma jemamme. "Kawo min jemammen nagatif in buga shuɗi", ku faɗe shi da baki ku ji, ni dai ya zauna min.

Inda nake ganin ƙorafi mai ƙarfi shi ne wanda ya ce sunan ya fi nuna tauri bisa ga launi, alhali launin ne masu bugun rana ke so. Haka ne. Sai dai duk ɗan Sakkwato ya san fata ba ta fitowa daga bagaruwa da launin da ta shiga da shi.

Abu guda don Allah, ko wane suna anka tsaida a haɗa shi da gargaɗi. Fairogalol guba ne, yana shiga jiki ta fata kuma ƙurar garinshi ba a shaƙa, a sa safar hannu ta roba, kada mai koyo ya ji jima ya tsoma hannu tsirara a faranti.