"You get what you pay for": wace karin magana ce tamu ta dace da ita?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. An ba 'yata aikin gida ta nemo karin maganar Hausa da ta yi daidai da wannan ta Turawa. Sai ta rubuto "kana samun abin da ka biya". Na ce mata ba Bahaushen da zai faɗi haka, ta sa "araha ba ta ado". Babanta kuma ya kafe a kan "iya kuɗinka iya shagalinka". Don Allah ku raba mana gardama.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Hajiya, ke ce da gaskiya. Bature ya fi faɗin wannan in an sayi abu da arha ya lalace a hannu. Mu a kasuwa, in mutum ya tsallake atamfa mai kyau ya ɗauki ta roba, wanki ɗaya ta zuba, ya dawo yana ƙorafi, abin da muke gaya masa ke nan. Ta maigida kuwa ta wurin biki ce, mai hali ya yi gwargwadon halinsa, ba wanda ya yi asara.

Malamin Aji Uku: Ni abin da ya ja hankalina shi ne "samu" da yarinyar ta sa. A nan ɗalibaina ke tuntuɓe kullum, domin tun firamare an ce musu get ita ce samu, shi ke nan. Alhali Bature da ita yake cewa ya isa gida, da ita yake cewa ya gaji, ya yi aure, ya gane magana. In ya ce "I get it", na gane yake nufi. Har ciwo ma Bature ne yake get ɗinsa, mu kuwa zazzaɓi ne ke kama mutum, shi ya sa muke tambaya "me ya same ka?"

Kalmar get ma aro ce. Daga geta ta tsohon harshen mutanen Denmak da Norwe ta fito, wato 'yan Viking da suka shiga Ingila da yaƙi a 865, suka ci birnin York a 866, suka zauna suka yi auratayya. Sai wajen shekarar 1200 ta fara bayyana a rubutun Ingilishi. Kafin nan Ingilishi yana da 'yar uwarta, amma a maƙale cikin wasu kalmomi, kamar wadda ta zama forget. Kalmar take ta Turanci ma daga harshen 'yan Viking ta zo, haka egg da sky.

Uwar Biyu: Ikon Allah! Malam, to gotten da take ji a finafinai fa? Malaminsu ya soke mata ita da jan biro.

Malamin Aji Uku: Ba kuskure ba ce, Hajiya. Tsohuwar siga ce da Amurkawa suka riƙe, mutanen Birtaniya suka koma got, sai a 'yan wurare kamar "ill-gotten", wato abin da aka tara ta haramun. Makarantunmu tsarin Birtaniya suke bi, don haka ta rubuta got a jarrabawa.

Tsohon Akawu: Malam, na ƙaru, amma ban yarda samu ta yi wa get ƙaranci ba. Tamu ta fi nauyi. Samu a wurinmu akwai rabo a ciki. Muna cewa "mai nema yana tare da samu", mu kuma juyo mu ce "zafin nema ba ya kawo samu", kuma duka biyun gaskiya ne a bakinmu. Ita kuwa get ta wannan magana ciniki ce zalla: ka miƙa, a miƙo maka daidai. Shi ya sa fassarar yarinyar ta yi wa kunne bambaraƙwai. Ba a cewa an samu abin da aka sa kuɗi aka saya, sai dai in wuyar gani yake yi, kamar man fetur a lokacin layi.

Ɗan Kwari: Baba, amma Bature kan faɗe ta da yabo ma, in kaya mai tsada ya yi ƙarko. A nan ta maigida ta matso kusa.

Tsohon Akawu: Ta matso, ɗana, amma shagali jin daɗi ne, ƙarko kuwa inganci. Ba ɗaya ba ne.

Uwar Biyu: Na gode muku ƙwarai. Za ta sa "araha ba ta ado" a sama, ta kawo ta babanta a ƙasa da bayanin inda suka rabu. Gobe Litinin za ta miƙa.