Lambar da ba ta rabuwa, me za mu kira ta?

1/ Malaman lissafi, ku matso. Mara da cika mun gaje su, babu gardama. Amma lamba irin 2, 3, 5, 7, 11, 13, wadda babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, har yanzu a aji da sunan Turanci muke kiranta, prime number. A Nijar kuma nombre premier.

2/ Wasu suna cewa "lambar farko", suna bin Faransanci da Larabci, inda ake cewa adadun awwali. Ban yarda ba. Ka tambayi kowane yaro lambar farko, 1 zai ce maka, ga shi kuwa 1 ba ta cikin wannan dangi ko kaɗan. Da hannunmu za mu rikita ɗalibi.

3/ Shawarata: gagara-rabo. Muna da gagara-gasa, muna da gagara-misali, kunne ya riga ya saba da ginin. Goro 13 ne a hannunka, ka raba wa mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6, dole a bar saura. Ma'anar tana cikin sunan.

4/ Na san za a ce ai 13 tana rabuwa ga mutum 13. Haka ne, amma kowace lamba tana rabuwa da ita kanta, don haka bai bambanta komai ba.

5/ Sunan ya fi daɗi idan lamba ta girma. Masanin lissafi Fermat ya zaci 4,294,967,297 gagara-rabo ce. Sai a 1732 wani masanin lissafin, Euler, ya nuna 641 sau 6,700,417 ce, ashe ba ta gagara ba. Mafi girma da aka gano a Oktoban 2024 kuwa, a ninka 2 har guda 136,279,841 da juna a ɗebe 1, alƙalumanta 41,024,320. Kuma ba ita ce ta ƙarshe ba, tun zamanin Yunanawa masanin lissafi Euclid ya tabbatar lambobin gagara-rabo ba su ƙarewa.

6/ Inda na tsaya cak shi ne kishiyar gagara-rabo, irin 91 da take 7 sau 13. "Mai rabo" ba za ta yiwu ba, za a ɗauka sa'a ake nufi. Ina tsakanin "haɗaɗɗiya" da "rababbiya", na fi karkata ga haɗaɗɗiya tunda daga ninka gagara-rabo biyu ko fiye ake samunta. Masu koyarwa a firamare, wacce yaranku za su fi saurin kamawa?