Neman kalma: me za mu kira abin da ke nuna jakar ruwan fankiriyas ta doshi sankara?

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara bayanin da za a karanta a shirin lafiya na rediyo ranar Alhamis, kan jakunkunan ruwa da ke fitowa a fankiriyas, waɗanda wasunsu kan rikiɗe su zama sankara. Abin da ya tsaya mini shi ne "molecular markers", wato sauye-sauyen ƙwayoyin gado da ake ganowa a ruwan da aka zuƙo daga jakar da allura. Na rubuta "alamomin sankara", amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Likita: Wa alaikumus salam. Malama, ki cire "alamomi", domin mai sauraro zai ɗauka ana nufin abin da majiyyaci ke ji a jikinsa, kamar ciwon ciki, rama ko shawara, alhali yawancin jakunkunan nan ba sa ciwo, ana cin karo da su ne a hoton da aka ɗauka don wata larurar. "Sankara" a wannan gurbi ta fi haɗari. Sauyin ƙwayoyin gado na KRAS da GNAS abin da suke faɗa shi ne jakar irin mai yauƙi ce, wato irin da za ta iya rikiɗewa, GNAS kuma ya fi karkata ga nau'in IPMN da ke tsirowa a bututun fankiriyas, kuma duka biyun suna bayyana tun da wuri, tun ba a kai ga sankara ba. Sai an ga sauye-sauyen ƙwayoyin gado na TP53, SMAD4 ko CDKN2A sun biyo baya hankalin likita ke tashi. Ina ganin "manuni" ya dace.

Malamin Hausa: Likita, ranka ya daɗe, "manuni" ya yi faɗi, ko yatsa ma manuni ne. Na daɗe ina ba da shawarar "matsinkayi", daga tsinkaya, wato hango abu tun daga nesa, kuma gininsa irin na mahangi da ma'auni ne. Sannan mene ne "fankiriyas"? Muna da saifa, me ya kai mu ga aro?

Likita: Malam, saifa wata gaɓa ce daban, tana can hagu ƙarƙashin haƙarƙari tana tace jini. Fankiriyas tana kwance bayan tumbi, ita ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Idan aka ce saifa a rediyo, an tura mutane su nemi hoton gaɓar da lafiyarta ƙalau.

Malamin Hausa: Na karɓi gyaran saifa. Amma abin yana damuna ƙwarai, duk lokacin da aka zo kan kimiyya sai a nuna kamar harshenmu ya gaza, mu ne kullum masu miƙa hannu.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Malam, aro ba gazawa ba ne, Turancin ma daga Girkanci ya aro wannan kalma. Matsalata da "matsinkayi" ita ce yana alƙawarin abin da gwajin bai cika ba. Muna auna wani furotin mai suna CEA a ruwan jakar, idan ya haura 192 ana kyautata zaton mai yauƙi ce, haka ma idan sukarin ruwan ya faɗi ƙasa da 50, amma babu ɗayansu da ke cewa sankara na tafe. Sauyin VHL ma albishir ne, don yana nuna jakar irin wadda da wuya ta rikiɗe. Kuma ba a yanke shawarar tiyata da gwajin nan kaɗai: ƙa'idojin likitoci na Fukuoka na 2017 sun ce a duba faɗin babban bututun fankiriyas idan ya kai milimita 10, da tsiron da ke jikin bangon jakar, da ciwon shawara.

Mai fassara: To ke nan kalma ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba. Zan sa "manunin nau'i" ga KRAS, GNAS da VHL, in sa "manunin tsananta" ga TP53 da 'yan uwansa.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, Malama. Kashi na biyun nan aƙalla ya cancanci "matsinkayi". Ki yi amfani da naku ranar Alhamis tunda lokaci ya ƙure, amma "jakar ruwa" ma ba mu gama da ita ba, domin ni "ƙullutun ruwa" nake koyarwa.